Hutun da Ya Ƙare a Rumfar Zaɓe

Na fi sanin ministan lafiyar wata jiha a kudancin Indiya a kan yadda na san na jiharmu. Ban taɓa taka Indiya ba, ba ni kuma da niyya. Abokin ɗakina ne ya ɗura mini shi, ina so ba na so.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a Utaiƙa, wata unguwa a birnin Riyad, a gidan da kamfani ya kama wa direbobi kusa da kasuwa. Ni ina jan motar kai kaya shaguna, shi yana jan ta kayan sanyi. Musulmi ne, siriri, ba ka jin muryarsa sai an taɓo siyasa. Da guntun Larabcin titi muke magana, inda ya ƙare mu ƙarasa da hannu. Yana ce mini sadiƙ, wato aboki, ni ma haka nake ce masa.

Ministan ɗan garinsu ne, kuma lokacin da na fara jin labarinsa bai zama minista ba. Na haddace tarihinsa a bakin farantin shinkafa. Ya fara da shugabancin ɗalibai, ya zama kansila mai ɗaukar marasa lafiya a motarsa ya kai su asibiti. Ya shiga majalisar jiha, ya faɗi zaɓe, ya sauya jam'iyya, ya dawo. Sauya jam'iyyar ma abokina ya ce don talakawa ya yi. Na ce masa namu ma duk don talakawa suke yi, shi ya sa muka ƙoshi har muka zo Riyad tuƙi.

Mahaifiyar abokina tana da ciwon ƙoda. Ƙanwarsa ce ke ɗora ta a bas ta kai ta birni wankin ƙoda, tafiya mai nisa, su dawo tsohuwa ba ta iya ɗaga kai. Da zaɓe ya gabato, ɗan siyasar nan ya yi alkawarin in jam'iyyarsa ta ci zai buɗe sashen wankin ƙoda a asibitin garinsu.

Su mutanen Indiya ba sa jefa ƙuri'a daga waje, sai mutum ya je da ƙafarsa. Don haka ƙungiyoyinsu na nan Riyad sukan haɗa kai su cika jirgi da masu zaɓe. Mu kuwa a kamfaninmu hutu ɗaya ne duk shekara biyu, kuma bizar fita da dawowa sai mudir, shugaban wurin, ya yarda. Wanda ya ci hutunsa ya ci ke nan.

Na ce masa, "Sadiƙ, ajiye hutun nan. Mai tsohuwa a kwance ba ya wasa da hutu. Ranar da za a kira ka tana zuwa."

Ya ce, "Ba ka gane ba ne. Ƙuri'ar nan ita ce maganin Umma."

Ya tafi. Ya dawo murya a dishe, ya rame, yana ta fara'a. Na tambaye shi jikin tsohuwa. Ashe yawancin kwanakin a bayan motar lasifika ya yi su, ƙauye zuwa ƙauye. Ita kuwa da kumburarrun ƙafafunta ta riƙa tashi tana dafa masa kifi, yana shigowa ya ci a tsaye ya fita. Ya ce hutu na gaba ba inda zai je, gindinta zai zauna.

Mutuminsa ya ci, aka ba shi ma'aikatar lafiya. Ranar abokina ya raba alewa har ga mai gadin gidanmu. Gini kuma an yi shi, ba zan yi wa ministan ƙarya ba. An shafa fenti, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Injinan suna ciki a naɗe cikin leda, ba wanda aka ɗauka ya kunna su. Kullum sai a ce ma'aikata suna hanya. Shi kuwa minista ya shiga rigimar wa zai gaji shugaban gwamnatin jihar, lambar wayarsa da abokina ke alfahari da ita ta koma hannun sakatare mai cewa ranka ya daɗe yana taro. Tsohuwa ta ci gaba da hawa bas.

Da jikinta ya rikice, ƙanwar ta kira tana kuka, ta ce Umma sunansa kawai take kira. Na raka shi ofishin mudir, don Larabcina ya ɗan fi nasa. Na yi bayani, na roƙa, na ce zan haɗa aikinsa da nawa. Mudir ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

Ya ce, "Ya ci hutunsa. Lokacin da ya tafi zaɓe bai san yana da uwa ba? Magana ta ƙare, ku koma aiki."

Na tsani mutumin nan a ranar, na kuma ƙara tsanarsa don maganata ce ya maimaita. Hanya ɗaya ta rage, ya ajiye aiki ya tafi tafiyar da ba dawowa. To in ya ajiye, wa zai biya wankin ƙodar? Ya zauna.

Da azahar ta rasu, muna tsakiyar lodi a kasuwa. A waya ya ga jana'izar, yana zaune a gaban motarsa, hoton yana yankewa yana dawowa. Na karɓi makullinsa na ƙarasa kai masa kayan ranar, don shaguna ba ruwansu da uwar wani.

Bayan 'yan kwanaki na dawo ɗaki na tarar yana kallon wani bidiyo da ƙanwar ta turo. Minista ne ya je ta'aziyya da masu ɗaukar hoto. Ya zauna a barandar gidansu, ya dafa kan ƙanwar, ya faɗa wa jama'a cewa sashen wankin ƙoda ya kusa fara aiki. Abokina ya miƙo mini wayar, idonsa jawur.

Ya ce, "Ka gani? Da kansa ya je. Bai manta da mu ba."

Nan na kasa riƙe bakina. Na ce shi ya samu zuwa, kai fa? Na ce mutumin nan ya cinye maka hutu, ya bar uwarka a bas, yanzu ya zo yana cin ƙuri'a da gawarta, kai kuma kana gode masa. Na faɗi abin da ya fi haka, da Larabci da Hausa, duk wanda ya zo bakina. Har yau in na tuna fuskar ministan nan a barandar sai raina ya ɓaci.

Bai yi fushi ba. Ya karɓi wayarsa ya kife ta a kan katifa.

Ya ce, "Sadiƙ, duk na san wannan. Amma in har mutumin banza ne, to don mutumin banza na bar Umma tana dafa mini kifi na fita. Ka bar mini shi a mutumin kirki, don Allah. Gobe da safe ina da lodi."