Gwangwanayen Ummi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Bashir. Ni ce Ladi, mai bi masa. Ina zaune a Wukair, nan Doha, inda aikin maigidana ya kawo mu. Shi kuwa Yaya kabarinsa na can Ostireliya, a wani garin masu kiwon tumaki da ban taɓa sa ƙafa ba. Ko sunan garin na faɗa sai yarana su kwashe da dariya, shi ya sa na bar shi a cikina.

Likitan dabbobi ne. Ya yi karatunsa a Zariya, ya yi aiki a gida, daga baya ya tafi can da matarsa, Anti Hauwa, da 'yarsu ɗaya tilo tana goye. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata. Ni aji shida na tsaya, kuma tun ina budurwa an san ni da zaman ɗaki. Yaya ya yi ta fama in je in ga inda yake, ina cewa sai baɗi. Yakan ce, "Ladi, ke ko gobara ce ta tashi sai kin tsaya rufe tukunya."

Da ya ga ba zan je ba, sai ya riƙa aiko mini da ƙasar ta waya. Ba hoto ba, don ya san ni da kunne nake gani. Murya yake ɗauka. Safiyata la'asar ɗinsu ce, sai in idar da lazimi in tarar da saƙo. Wata rana tsuntsu ne mai ƙyalƙyala dariya kamar tsohuwar da ta ji gulma mai daɗi, kukabara suke ce masa. Wata rana fararen aku ne masu tukku, sun buɗe masa kwandon shara suna ihu kamar su aka yi wa laifi. Akwai wani mai kama da hankaka, wanda idan yana da 'ya'ya a sheƙa yakan biyo mutum ta baya ya ƙwale shi a ƙeya. Ya taɓa bin Yaya a kan keke, ina jin Yaya yana salati yana dariya yana haki. Ya ce mini kangaru, dabbar nan tasu mai tsalle, ba abin kallo ba ne a wurinsu, fargabar direba ne, da magariba sai dai ka ga abu ya diro gaban mota. Ranar Asabar kuma yakan ɗauki Ummi su tafi rafi kamun kifi, su wuni su dawo da biyu, a gasa a filin unguwa inda aka girke murhu don kowa.

Lokacin da muke ƙonewa a Doha, su suna cikin bargo. Lokacin da muke neman rigar sanyi, shi yana cewa rana ta hana tumaki kiwo. Na daɗe kaina bai ɗauki wannan ba.

To ni me zan aika? A gidanmu ba a sallamar matafiyi hannu sake. Duk sanda Yaya ya je gida Najeriya, ta Doha yake komawa, ya kwana biyu a wurina. Tun ana saura kwana uku nake sa maigidana ya sayo naman dambu a unguwar Old Airport. In dafa shi da albasa da citta da kanumfari har ya yi ligif, in shimfiɗa tawul ƙarƙashin turmi saboda maƙwabtan ƙasa, in daka, in soya a man gyaɗa har ya bushe ya yi wara-wara. In cika gwangwanin madara, in ɗaure da leda, in rubuta UMMI a jiki da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Yaya yakan ɗaga gwangwanin ya ce, "Kin san naman nan daga wajenmu aka kawo shi? Wataƙila ma ni na duba ragon. Ga shi kin sa shi komawa gida." Mu yi dariya. Idan ya isa sai ya kira: "Ummi ta ce a gaishe da Gwaggo. Ta ce ya yi daɗi." Sau bakwai muka yi haka.

Sai korona ta zo. Ƙasarsu ta rufe ƙofa ruf, ba shiga. Mu ma nan muna kulle, kowa da takunkumi. A cikin wannan hali ciwon zuciya ya kwantar da Yaya. Ranar da Anti Hauwa ta gaya mini, na jawo akwati da kaina na fara zuba kaya, ni da aka yi shekaru ana roƙo. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ladi, ina za ki? Babu hanya." Kwana tara bayan nan ya cika. A waya na ga jana'izarsa. Mutane ƙalilan ne, kowa ya ja nesa da ɗan'uwansa, iska na kaɗa rigunansu na sanyi, ni kuma ina zaune gaban na'urar sanyaya ɗaki ina zufa.

Mutuwa ta Allah ce, na karɓa. Abin da ya hana ni sukuni Ummi ce. Ita kaɗai ya bari. Rabona da ita tun tana rarrafe, don makaranta ba ta barin ta biyo shi tafiya. Ashe duk hirar da muke yi da ita, Yaya ne a tsakiya yana juya mana magana. Da ya tafi, sai in kira: "Ina wuni, Gwaggo." "Lafiya lau, Mamana. Ya karatu?" "Lafiya." Daga nan sai sallama. Daga mako-mako ya koma wata-wata, ya koma sai da Sallah. Ina ji ina gani jinin Yaya na sulalewa daga hannunmu. Abu ɗaya nake riƙe da shi a raina: ko ba ta san fuskata sosai ba, ta san hannuna, ta girma da dambuna a bakinta.

Da gasar ƙwallo ta kofin duniya ta zo ƙasar nan, sai ga saƙon Anti Hauwa: Ummi za ta zo kallon 'yan ƙasarsu, a filin Wakra za su buga, nan kusa da mu. Ta sauka gidana. Doguwa kamar ubanta, da rigar ƙwallo ruwan ɗorawa a kan doguwar riga, tana tsinto Hausa ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kwana biyu tana zaune a bakin kujera, komai aka ba ta sai ta ce na gode. Baƙuwa sosai. Yarana su ce mata yalla, wato mu je da Larabci, su ja ta zuwa filin ƙwallo. Ni ban je ba, ina kicin.

A rana ta uku na ajiye mata dambu a faranti, na ce, "Ga mutuminki."

Ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ashe haka yake? Ban taɓa ci ba."

Na ce, "Kamar yaya ba ki taɓa ci ba? Gwangwani bakwai fa!"

Ta ce, "Gwangwanin yana zuwa. Babu komai a ciki."

Da guntuwar Hausarta, da taimakon babbar 'yata, ta ba ni labari. Ashe ƙasar tasu ba a shiga da nama irin wannan, ko ƙwaya ɗaya, saboda tsoron cutar dabbobi. Akwai karnuka a filin jirgi masu shinshina kaya. Kuma wa ya fi Yaya sanin haka, shi da aikinsa ke nan? Sai jirgi ya tashi daga Doha ya buɗe gwangwani ya fara ci. Ya ba na kusa da shi, ya ba na baya, ya ba ma'aikatan jirgi. Ta ce akwai tafiyar da ya kusa yin kwana biyu bai nemi abinci ba bayan ya sauka. Kafin a sauka sai ya shiga banɗaki ya wanke gwangwanin tas da sabulu, ya kawo mata. Ta buɗe wayarta ta nuna mini: ga su nan jere a kan kanta a garejinsu, da rubutuna a jiki. A ciki suke ajiye ƙugiyoyin kamun kifi. Ta ce, "Idan na sa hanci ina jin ƙamshi kaɗan. Shi na sani."

Ba zan ɓoye ba, haushi na fara ji. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na ce wato shekara da shekaru ina daka har kafaɗata ta riƙe, ashe baƙin jirgi nake ciyarwa? Kuma ya dube ni ya ce ta ce ya yi daɗi! Jin haushin mamaci abu ne mai nauyi, don babu wanda zai ba ka amsa. Na kira Anti Hauwa ina kuka, na ce har da ke? Ta ce, "Ladi, na sha ce masa ya gaya miki. Sai ya ce a'a. Ya ce ke ba kya fita, gwangwanin nan shi ne tafiyarki. Idan aka hana shi shiga, ke aka hana."

Na fito na tarar faranti wayam, Ummi na lasar yatsa tana hawaye, ban sani ba ko na yaji ne ko na ubanta. Ta ce, "Gwaggo, koya mini."

Washegari ba ta bi yara ba. Na ɗaura mata zane, na miƙa mata taɓarya. Ta daka kamar mai tsoron kada turmi ya ji ciwo. Na ce, "Haba Mamana, bashi kika ci wurin naman? Sa ƙarfi!" Ta yi dariya, irin ta Yaya sak, mai farawa ta hanci. A gaban kaskon nan ta yi mini maganar da ba ta yi ba a shekara ashirin. Inda Hausa ta ƙare mata sai ta kwatanta da hannu.

Ranar tafiyarta hannuna da kansa ya jawo gwangwani. Ta riƙe ni ta ce da Larabcin da ta tsinta wurin yarana, "Gwaggo, khalas, ya isa. Karnuka." Haka ta fita gidana babu guzuri, karo na farko da na yi wa wani haka. Na tsaya a taga ina jin kamar na yi abin kunya.

Da Yaya zai leƙo yau, na san abin da zai fara cewa: "Har yanzu ba ki zo ba?" Ban zo ba, Yaya. Ban ga kabarinka ba, kuma ban sani ba ko zan gani. Ƙaryar da ka yi mini na yafe tun a ranar, na kuma roƙi Allah kada ya rubuta maka ita. Na auna na ga da ka faɗa mini gaskiya tun farko, da na daina, da babu abin da yarinyar nan za ta shinshina ta gane gidan ubanta ne.

Yanzu duk wata sai Ummi ta yi dambu. Takan kira ni da safiyata, ta jingina wayar kusa da murhu, mu yi ta hira. Jiya ma ta kira, ranar da ka cika shekara huɗu. Za ta kai wa mutanen masallacinku sadaka. Tana cikin ba ni labarin wani yaro da ke zuwa gaishe da mahaifiyarta fiye da kima, sai ta ce bari ta sauke. Na kasa kunne. Mai na ta ƙara a kaskon, da sauran ruwa a jikin naman.

Na ce, "Kada ki sauke, Mamana, bai bushe ba. Ina jin sa daga nan. Ci gaba da juyawa, ki ƙarasa mini zancen yaron."

Allah ya yalwata maka makwancinka a wannan ƙasa mai nisa, Yaya Bashir, ya haɗa mu inda ba a rufe ƙofa.