Yadda Kaka Ta Hau Bene Na Biyar

Abin da na fara gani da muka isa asibitin ido shi ne wani baƙin ƙarfe yana saukowa a bayan gilashi, daidai lokacin da ɗakin da ke ɗauke da mutane yake hawa. Ba wanda ya kula da shi sai ni. Amma bari in faro daga gida.

Zongo

Bayan sallar asuba muka fito, ni da Kaka da Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran asansar, wato ɗakin ƙarfen nan da ke kai mutane saman bene. Idon Kaka ya yi yana, likitan yana bene na biyar, gwiwoyinta kuwa ko dokin ƙofa da ƙyar suke tsallakewa. Ta riga ta ce ba ta shiga akwatin da aka rataye da igiya. In ba ta shiga ba, babu ganin likita. Ni an sa ni riƙe jaka ne kawai.

"Shiru-shiru, riƙe min carbi," ta ce. Haka take kirana.

Dassasgho

Koriyar tasi ta fara kai mu unguwar Dassasgho, wani shagon kujeru mai bene biyu inda Kawu ke duba musu asansar. Wai Kaka ta gani, tsoro ya ragu. Ya buɗe wata ƙofa, ga tanki da famfo, wurin sai ƙaurin mai.

"Inna, wannan ba igiya. Famfo ke tura mai, mai ya tura sandar ƙarfe daga ƙasa, kamar jak na mota."

"To ni mota ce? A nemo irinsa a asibitin mana."

"Ba ya yin nisa, Inna. Na ƙananan benaye ne."

"Ka ji! Mai ƙafa a ƙasa ma ba ya nisa."

Mun sha koko da ƙosai a bakin titi, muka kama wata tasi. Direban ɗan ƙabilar Mossi ne, har muka wuce unguwar Zogona yana dariyar rigimar Kaka.

Asibiti

Kawu ya shiga bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Kaka ta zauna a benci ta juya masa baya. An kira sunanta sau ɗaya. Matar da ke kira ta ce in an sake kira ba mu hau ba, sai wani watan.

Ni dai ina kallon baƙin ƙarfen. Sai na tuna rijiyar garinsu da Kaka ke ba mu labari, mai guga biyu a igiya ɗaya. Na durƙusa gabanta.

"Kaka, guga biyu ne. Ɗakin nan guga ɗaya, ƙarfen can guga ɗaya. In wannan ya hau, wancan ya sauka. Injin da ke sama juya igiyar kawai yake."

Ta matse ido ta dubi gilashin. "Igiya nawa?"

Na ƙirga. "Shida. Na ƙarfe."

"Tamu ɗaya ce, ta kaba, ba ta taɓa yar da mu ba. In wuta ta ɗauke fa?"

"Birki ya kama, Inna, ya tsaya cik," in ji Kawu.

"Kai, ba da kai nake ba. Shiru-shiru, ashe da baki! Tashe ni."

A bakin ƙofar asansar ta tuɓe takalmanta saboda ta ga darduma shimfiɗe. Ta yi wa tsohuwar da ke cikin madubi sallama, ta ce mata, "Baiwar Allah, kada ki ji tsoro, guga ne." Ba wanda ya gyara mata. Ta riƙe hannuna gam har ƙofar ta buɗe a bene na biyar.

Gida

Kafin la'asar mun dawo Zongo lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Likita ya ce za a kankare yanar mako mai zuwa. Maƙwabta suka cika tsakar gida, Kaka na nuna musu da bokiti biyu yadda abin yake. Ta ce ranar aikin ba ta hawa sai da ni, ranar kuwa akwai makaranta.

Ban taɓa roƙon Baba komai ba sai ta bakin Mama. Yau na same shi a zaure da kaina.

"Baba, don Allah ka nemar min izini wurin madam, malamarmu. Kaka na bukatar mai riƙe mata hannu."