Maigandi Bai Iya Tambayar Suruki Ba

A Danchuwa kowa ya san Malam Maigandi da abu biyu: gonar wakensa, da doguwar bindiga mai baki ɗaya da yake korar birai da ita. Shekara talatin da ɗaya tana hannunsa, kuma bai taɓa barin lasisinta ya mutu ba. Takardar na naɗe cikin leda, a ƙasan adakar matarsa. Ko ƙaninsa na ciki ɗaya bai taɓa ɗaukar bindigar nan ba. In ka zo aro, zai ba ka garma, ya ba ka jaki, ya raka ka har ƙofar gida, amma a kan ita ba ya dariya da kowa.

Wurin da aka same shi, ta wajen kunya ne. Maigandi na mutanen da ne, ba ya haɗa ido da suruki. Tun da Yunusa mai keke napep na unguwar Dogo Tebo ya auri 'yarsa Gumsu, maganarsu ba ta wuce gaisuwa daga nesa ba. Ran nan Gumsu ta zo da saƙo, wai birai sun addabi 'yar gonar da mijinta ya kama a hanyar Nangere, yana roƙon aron kwana biyu. Yunusan na tsugune a zaure. Maigandi ya so ƙwarai ya tambaye shi ko ya taɓa harbi, bakin ya ƙi buɗuwa. Ya miƙa wa Gumsu bindigar da harsashi uku.

Washegari da hantsi Yunusa ya ga dawa na motsi, ya saki wuta. Wani makiyayi ne ya sunkuya yana cire ƙaya. Allah ya yi da sauran kwanansa, sai dai gwiwar ta tafi ke nan.

'Yan sanda ba su sha wahala ba. Sunan da ke cikin rajistar bindigar suka bi, ya kai su Danchuwa.

Lauyan da dangi suka ɗauko ya ja Maigandi gefe. "Baba, ka ce ba ka gida Yunusa ya zo ya ɗauka. Yau za ka kwana a ɗakinka. Shi dai an riga an kama shi."

"A ƙara masa da sata ke nan?"

"Za a ƙara."

Maigandi ya tsorata, wannan ba a ɓoye ba. Shekararsa sittin da takwas, ko ofishin 'yan sanda bai taɓa shiga ba sai don sabunta lasisi. Amma ya kasa ganin yadda jikokinsa za su tashi ana ce musu 'ya'yan ɓarawo.

A kotu majistare ya tambaye shi, "Malam, kai ka ba shi?"

"Ni na bayar, ranka ya daɗe."

"Ka san ba shi da lasisi? Ka tambaye shi ko ya iya riƙe ta?"

"Surukina ne, ranka ya daɗe. Ba ma irin wannan maganar."

Mutane suka yi dariya, majistare bai yi ba. Ya ce wanda aka ba izinin ajiye bindiga, shi ke da alhakin hannun da ta shiga. Aka karɓe ta, aka soke lasisin, aka yanke masa wata huɗu. Yunusa ya samu shekara biyu.

A gidan yari ɗaki ɗaya aka sa su, ga mutum ashirin a ciki, babu inda wani zai kauce wa wani. Ranar ziyara Gumsu kan zo da kwano biyu, na uba da na miji. Maigandi ya juya ya fuskanci bango yana ci. Yunusa kuwa ya rufe nasa ya zauna, har sai ya ji tsohon ya wanke hannu.