Takardar da Akuyar Kawu Ba Ta Ci Ba

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Sule takarda a gidansa na Unguwar Dosa ya san akuyar ake fara dubawa kafin a gaida maigidan. Tana nan ɗaure a gindin gwaiba, ja mai farin goshi, sunanta Dakta. In ka same ta kwance tana tuƙa, wani ya riga ka zuwa, ka gode wa Allah. In kuwa tsaye take tana kallon ƙofa, to ka riƙe takardarka da kyau.

Saboda yaran da ba su riske shi ba: Kawu wan mahaifiyata ne, malami a wata kwalejin horon malamai, shi ke koyar da dabarun bincike. Ba ɗalibin da zai fara rubuta kundin kammala karatu sai Kawu ya sa hannu a kan tambayar da zai bincika. Yana da ofis, amma ya ce fankar ofishin tana kwashe masa tunani, don haka gida ake bin sa ran Asabar da hantsi. Zai karanta abin da ka kawo, ya leƙo ka ta saman tabarau, ya ce da harshensa na Katsinawa, "Mi kake son ka sani?" Ka fara in'ina, sai ya miƙa hannu baya da takardar ko waiwaye babu, Dakta ta karɓa. Ya ce ya raɗa mata sunan ne don ta cinye bincike fiye da duk wani mai digiri a Kaduna. Ni dai na san dusa ce ta yi tsada. Har sanarwa ya yi a aji cewa a riƙa rubutowa da fensir, tawada tana ɓata mata ciki.

Ina wurin ranar da Malam Garba ya zo, wani hedimasta Bazamfare da muke aji ɗaya, ya sha babbar riga, ya kai takardarsa an buga masa da tafireta tsaf. Kawu ya karanta da ƙarfi: "Matsalolin ilimi a Najeriya da hanyoyin magance su."

"Masha Allah," in ji Kawu. "Da wace mota za ka zaga Najeriyar?"

"Keke gare ni, Malam."

"To kawo mani tambayar da keke zai iya zagayewa ya dawo kafin azahar."

Malam Garba ya ce ai ya biya mai bugu. Kawu ya ce Dakta ta gode, ba kullum take samun bugagge ba. Haka ya yi ta yanka wa bawan Allah nan tambaya, daga Najeriya zuwa jiha, daga jiha zuwa gari, har ta koma aji ɗaya a makaranta ɗaya a Hayin Banki: me ya sa yara ke ɓacewa bayan an fita hutun tara. Malam Garba ya ce yanzu kam ko a ƙafa zai je. Kawu ya ce to ya sayar da keken.

Kada ku zaci ɗalibai kaɗai ke shan wannan. Matarsa, Inna Asabe, ta taɓa cewa kowa na kukan nama ya yi tsada, a ƙara kuɗin cefane. Kawu ya ajiye jarida ya ce, "Kowa wa? Mutum nawa kika tambaya? A wace kasuwa?" Inna ta tashi ta shige madafi. Da aka kawo tuwo ya yi ta lalube a miya da yatsa, ya ce, "Asabe, ina naman?" Ta ce, "Ban gama tattara bayanai ba." Washegari da kansa ya je wurin mahauta.

Ni kuwa dariya nake ta yi wa mutane, don na ɗauka 'yar gida ba a ba akuya takardarta. A lokacin ina koyarwa a firamare, an ba ni hutun ƙaro karatu wanda aka gaya mini ƙarara ba za a tsawaita ba. Yarana suna unguwar Kawo wurin kakarsu saboda karatun nan. In ban gama kundi a shekarar ba, zan koma aji da tsohuwar takardar shaidata, wahalar kowa ta tashi a banza.

Akwai ajin yaƙi da jahilci na mata da nake taimakawa a Unguwar Shanu da la'asar, wanda ake farawa a cike, kafin wani lokaci a koma ni da allo. Na san dalili, wa bai sani ba? Na rubuto da fensir ɗina: "Yadda maza ke hana mata karatu."

Kawu ya karanta ya ce, "Hajara, kin riga kin yanke hukunci, shaidu kike nema. Kotu za ki, ba kwaleji ba." Ina kallo hannun nan ya tafi baya.

Na sake kawowa, na juya kalmomin, na sa "tasiri" a gaba don ta yi kama da ta masu ilimi. Dakta ba ta ga bambanci ba. 'Yan ajinmu duk sun fita tattara bayanai, ni ina nan ina kiwon akuyar Kawu. Da abin ya ishe ni na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta yafa mayafi muka taho tare.

"Yaya, 'yarka ce fa," in ji ta.

"Shi ya sa. Na hana 'ya'yan mutane fita da shirme, sai tawa zan bari?" Ya zuba mata shayi, ya leƙo ta saman tabarau. "To ke mi kike son ki sani?"

"So nake in san yaushe za ka yi hankali," in ji ta.

"Tambaya mai kyau," in ji Kawu, "sai dai ba ta bincikuwa."

Mahaifiyata ta yi dariya har da ƙwarewa, ni kuwa kuka ya ƙwace mini, don wallahi tsoro nake ji, lokaci ya ƙure. Kawu ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, a hankali wannan karon, "Matan da suka bar ajin, kin shiga gidan ko ɗaya? Ki je ki zauna da su. Kada ki riƙe takarda, kada ki ambaci miji. Ki tambaya, ki rufe bakinki."

Na tafi ina ƙunƙuni. Gidan da na fara shiga na wata Ladidi ne, na tarar da bokitai da tulu a jere tun daga tsakar gida har zaure. Na ce mata mun daina ganinta. Ta ce, "Malama, famfo da la'asar yake zuwa, kuma ba ya jiran kowa. In na zauna koyon baƙi, da me zan yi tuwo?" Mijin da nake shirin gurfanarwa, ashe shi ya sayo mata littafin rubutu. Na shiga gida na gaba, bokitai. Na gaba, bokitai. Akwai wadda mijin ne ya hana, ban ce babu ba, amma yawancinsu ruwa ne ya cinye musu aji.

Asabar na zagayowa na kawo layi ɗaya: shin lokacin zuwan ruwan famfo yana da hannu a barin aji da matan Unguwar Shanu ke yi? Kawu ya karanta, ya sake karantawa. Dakta da ta saba da ni ta ga an daɗe, sai ta miƙo wuya ta kama gefen takardar. Kawu ya cire hula ya maka mata a hanci.

"Ke! Wannan ba taki ba ce."

Ya sa hannu a ƙasan wurin da ta gatsa, ya miƙo mini, ya ce a turo na gaba. Iyakar yabon da na taɓa samu wurinsa ke nan, kuma ya ishe ni. Na gama kundina a kan lokaci, na kwaso yarana. Ajin kuwa aka mai da shi hantsi, Ladidi ta dawo, ta zo da maƙwabtanta.

Har a gadon asibiti bai sauya ba. Likita ya ce, "Baba, da sauƙi?" Ya ce, "In an kwatanta da yaushe?" Ranar da aka fita da gawarsa, muna zaune a gindin gwaibar nan, Inna Asabe ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Yau dai shi za a tambaya." Muka yi dariya, sannan muka yi kuka mai yawa.

Kawu, tambayoyin can gajeru ne, a fili suke, irin waɗanda kake so. Allah ya tabbatar da harshenka a kan amsa, ya yalwata maka makwanci, ya gafarta maka. Amin.