Shekara Bakwai da Malam Zayyanu Ya Mayar wa Barista Lauratu

An haifi Zayyanu Namadi a Masama cikin damunar 1968, shi ne na huɗu a ɗakin mahaifiyarsa. Mahaifinsa manomin gero ne, da rani kuma ya sauka fadama ya yi albasa. Tun yana firamare aka san shi da kyan rubutu, har malamin ajinsu yakan miƙa masa rajista ya cika sunaye. Da ya gama sakandare ya koyi buga keken rubutu a wani shago cikin Gwandu, a 1991 kuma aka ɗauke shi akawu a kotun majistare. Shekara ashirin ya yi a can yana kiran ƙararraki, yana jera fayil, yana sauraron lauyoyi suna ja-in-ja.

A 2011 ƙungiyar lauyoyi ta jiha ta nemi wanda zai riƙe mata ofis da takardu, tsofaffin lauyoyin da suka san shi suka ce a ɗauko Zayyanu. Bai tashi daga Gwandu ba. Kullum ya hau babur ɗinsa ya tafi Birnin Kebbi, la'asar ta yi masa a hanyar gida.

Shi ya ƙirƙiro abin da ake kira Takardar Litinin. Shafi biyu ce, wani lokaci uku, tana fita kowane farkon mako. A ciki lauya zai ga wace kotu ta tafi hutu, wane alƙali aka yi wa canjin wurin aiki, wace sabuwar ƙa'ida aka kawo wajen shigar da ƙara, yaushe za a yi taron ƙara wa juna sani, wa ya buɗe ofis, wa aka yi wa haihuwa ko rasuwa. Da farko kwafi yake yi ya raba a kotuna, yanzu kuwa a waya yake turawa cikin zauren ƙungiya. Ƙa'idarsa dai ba ta canza ba. Labari ba ya shiga sai ya ga takardarsa da idonsa, ko ya ji daga bakin mai abin. Duk Alhamis yakan biya Kalgo ya karanta allon sanarwar kotu da kansa, Juma'a da safe ya karanta na Gwandu.

Sau biyu a shekara yakan haɗa da jerin sunayen 'yan ƙungiya. Wannan jeri ba a yin sa da harufa ko da furfura. Lauyoyi da shekarar rantsuwa suke auna girma, wato shekarar da aka rantsar da mutum ya zama lauya. Wanda ya riga ka ko da shekara ɗaya, shi zai zauna a bencin gaba, ƙararsa za a fara kira, kuma in ana maganar muƙami a ƙungiya wannan shekarar za a fara dubawa.

Shekara goma sha biyu takardar tana fita, fitowa ɗari biyar da saba'in da ɗaya, ba a taɓa buga gyara ba. In gardama ta kaure tsakanin lauyoyi a kan ranar zama ko wa ya girmi wa, sai wani ya ce, “Zayyanu ya rubuta?” In an ce ya rubuta, magana ta mutu. Shi kansa yana jin daɗin haka, ba ya ma ɓoyewa. Matarsa Ruƙayyatu takan ce masa, “Malam, ko sunan 'ya'yanka anka tambaye ka, sai ka ce a bari ka duba littafi.”

A watan Mayun 2023 ƙungiya ta shiga shirin zaɓe. Dokar ƙungiya ta ce wanda zai nemi sakatare sai ya cika shekara goma da rantsuwa. Mutum biyu suka nema, Barista Sirajuddeen da Barista Lauratu Garba, 'yar Dodoru mai ƙaramin ofis a Kalgo. Kwamitin tantancewa ya buɗe jerin Malam Zayyanu, ya ga 2016 a gaban sunanta, shekara bakwai ke nan, ya cire ta. Ranar Laraba aka sanar a zauren waya, aka kuma aiko masa da takardar kwamiti ya saka a fitowar Litinin.

Yadda ya saba, kafin ya buga ya ɗauko tsohuwar rajista, babban littafin nan mai baƙin bango da yake rubuta 'yan ƙungiya a ciki kafin a sayi kwamfuta. Ya bi da yatsa har ya iso kan sunanta. Suna da biro, gari da biro, lambar waya da biro. Shekarar rantsuwa kuwa da fensir.

Ya daɗe yana kallon wurin. A tsarinsa, abin da ya tabbatar shi yake rubutawa da biro, abin da yake jiran tabbaci ya sa da fensir. Sai ya tuna. Ta zo shiga ƙungiya a 2016 bayan ta dawo daga Kaduna, ba ta zo da takardar shaidarta ba, shi kuma ya sa shekarar zuwanta da fensir kafin ta kawo. Da aka kawo kwamfuta a 2018, shi da hannunsa ya kwashe sunayen, a kwamfuta kuwa fensir da biro duk baƙi ɗaya ne.

Washegari Alhamis bai tsaya allon kotu ba, ya wuce ofishinta kai tsaye. Ɗaki ɗaya ne a jerin shaguna, tsakanin mai kwafin takardun ɗalibai da mai sayar da magani. Ta miƙe da ta gan shi.

“Baba, kai da kanka? Ai da ka kira ni na zo.”

“Zauna, Barista. Wace shekara anka rantsar da ke?”

Ta yi ɗan murmushi, ta nuna bango. Takardar tana rataye cikin gilashi. Ya matsa, ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu. Nuwamba, 2009.

“Kin san da wanga kuskure?”

“Na sani, Baba, tun jeri na farko.”

“To mi ya hana ki magana?”

“Da farko na ɗauka shekarar shiga ƙungiya kuke sawa. Da na gane, na ce wa zai je ya ce wa Baba Zayyanu ya yi kuskure? Kai kamar mahaifi kake a gare ni. Kuma a kotu ba wata asara ba ce, in yara sun riga ni sai in zauna in ƙarasa karatun fayil ɗina.”

“Yaran da kika girma da shekara biyar, shida.”

“Awo. Har akwai wanda na koya wa rubuta takardar beli, yanzu yana ce mini ƙanwa.” Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ta ce, “Bari kawai, Baba. Nan da shekara uku ai na cika goman a lissafinku, sai in sake nema.”

“Lissafina ba shi ne gaskiya ba. Ba ni kwafi.”

Ya tsaya a kan mai kwafin har aka ciro takardar daga gilashi, aka yi, aka mayar.

Da azahar yana gaban shugaban ƙungiya, Barista Mu'az, wanda tun yana sabon lauya a Gwandu Zayyanu yake nuna masa inda ake ajiye takarda. Ya shimfiɗa masa rajista da kwafi gefe da gefe. Shugaban ya duba, ya jingina da kujera.

“To, abu mai sauƙi. Ka gyara a kwamfuta, ni kuma in kira kwamiti su mayar da sunanta. Ba sai kowa ya ji ba.”

“Ranka ya daɗe, an cire ta a gaban mutum ɗari biyu. In ta dawo ba bayani, cewa za a yi ta bi ta bayan gida.”

“Sai mu ce matsalar na'ura ce. Wa zai tuhumi na'ura?”

“Na'ura abin da na ba ta shi ta riƙe.”

“Malam Zayyanu, shekara goma sha biyu ba ka da tabo. Ka san mutanenka, lauyoyi ne. Gobe ka rubuta cewa ranar Juma'a ake sallar Juma'a, sai wani ya ce ka kawo shaida.”

“Sai in kawo, ranka ya daɗe.”

Shugaban ya dube shi, ya girgiza kai yana 'yar dariya. “Tun ina yaro a aikin nan taurin kanka yake ba ni wahala. Je ka rubuta.”

Ranar Litinin fitowa ta ɗari biyar da saba'in da biyu ta fita. A saman shafin farko, kafin labarin hutun kotuna, ga abin da aka gani:

“Gyara. A jerin sunayen da wannan ofis yake fitarwa tun 2018 an nuna cewa an rantsar da Barista Lauratu Garba a 2016. Wannan ba daidai ba ne. An rantsar da ita a Nuwamban 2009, na ga takardar shaidarta da idona a Kalgo ranar Alhamis. Kuskuren nawa ne ni kaɗai, ba nata ba, ba na kwamiti ba. Matsayinta a jeri ya tashi daga na 163 zuwa na 88. Ina ba ta haƙuri, da duk wanda ya dogara da jerin. Zayyanu Namadi Masama.”

Abin da shugaba ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kafin azahar zauren waya ya cika da tsokana. Wani ya rubuta cewa shi ma a duba masa, yana jin a 1960 aka rantsar da shi. Wani da ya ji labarin fensirin ya ce a kai shi kotu a tuhume shi. A harabar kotun Gwandu wani matashin lauya ya tare shi ya ce, “Baba, ashe kai ma ɗan Adam ne?” Malam Zayyanu ya ce, “Ɗan Adam ne, Barista, kuma na ga ba ka sa hannu a takardar taron jiya ba.” Ya amsa wa kowa da fara'a, amma ya ji abin a ransa. Ruƙayyatu ta ce kwana uku tuwonsa yana dawowa da saura.

Barista Sirajuddeen ne ya fara rubuta wa kwamiti cewa a mayar da sunan abokiyar takararsa, ya ƙara da cewa shi 2011 ne, saboda haka daga yau ita yayarsa ce. Kwamiti ya zauna ranar Laraba ya mayar da ita.

Shi kuwa Malam Zayyanu ya koma kan tsohuwar rajista daga shafin farko. Suna ɗari biyu da goma sha huɗu, ya sami fensir a wuri goma sha ɗaya ban da nata. Mako biyar ya yi yana bin masu su, daga Kalgo har Gwandu da ƙauyukan da wasu suka koma, yana duba takarda ɗaya bayan ɗaya. Tara sun yi daidai. Biyu ba su yi ba, ɗaya an ƙara masa shekara, ɗaya an rage masa. Ya buga gyara na biyu da na uku a wuri guda da na farko, da sunansa a ƙasa.

An yi zaɓe a ƙarshen Yuni, Barista Lauratu ta ci da ratar ƙuri'a tara. Ranar da ta kama aiki ta same shi a teburinsa yana haɗa labaran mako. Ya miƙe tsaye, ya ce, “Ranki ya daɗe, Sakatariya.”

“Haba Baba, zauna don Allah.”

“Sai kin zauna. Ga takardar Litinin nan, ki duba kafin ta fita. Ki duba da kyau, mai rubuta ta yana kuskure.”

Ta ja kujera kusa da tasa, ta karɓi shafin farko, suka fara daga layin sama.