Kwalayen Kantin Gilashi

Cikin duk shekarun da na yi ina tsayuwa bayan kanta, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da na hau tsani a Goronyo don in sauko wa wani dattijo da injin ban ruwa. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in aje aiki, shi zan ba ku.

Ku yaran yanzu ba ku tarar da irin kantin da na fara aiki ba. Na wani kamfani ne mai babban kanti a Sakkwato. Da aka fara aikin dam, garuruwanmu suka cika da 'yan kwangila da direbobin manyan motoci da leburori masu albashi, sai kamfanin ya buɗe rassa a Wurno da Rabah da Goronyo. Na Goronyo shi ne babba. Mutane suna ce masa Kantin Gilashi, domin gabansa duk gilashi ne, kana kan titi kana hango abin da ke ciki. Akwai sashen yadi da atamfa, da na kayan gwangwani, da na rediyo da keken ɗinki, sai na kayan noma can ƙurya. Manaja ne a sama, sai mai kula da sito, sai mai karɓar kuɗi, sannan mu masu sayarwa. Ba tayi, ba ragi, farashi yana liƙe a jikin kaya. Mutum zai nuna abin da yake so, mu rubuta masa 'yar takarda, ya je ya biya, ya dawo mu miƙa masa kayansa.

Ni a reshen Wurno na fara. Da aikin dam ya ƙare, 'yan kwangila suka kwashe, ciniki ya yi ta ja da baya har aka rufe mu. Na Rabah ma bai daɗe ba ya bi sahu. Abokan aikina aka sallame su, ni kuwa aka ce in koma Goronyo. Mahaifiyata a Rara har masa ta toya ta yi sadaka. Ranar da na shiga Kantin Gilashi na ɗaga kai na ga kwalaye jere tun daga kafaɗar mutum har rufi, na ce a raina, lallai nan kam da sauran rai.

Manajan sunansa Mista Yohana, mutumin Zuru ne, dogo, mai magana a hankali. Kullum da farar shat da laktaye, ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Da yake nuna mini sashena na kayan noma, ya ce, “Bello, ka tsaya ga layin ƙasa. In wani ya tambayi abin da ke sama, ka kira ni.” Na ɗauka doka ce da ake gindaya wa sabon zuwa.

Ban yi mako ba ranar kasuwa ta zo. Lokacin dashen albasa ne. Da hantsi Mista Yohana ya ce zai leƙa tasha, ya fita. Bai jima da fita ba sai ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Wani dattijo ya shigo, 'ya'yansa biyu manya suna biye, bayansu kuma maƙwabta da suka rako shi. Suka cire takalma a bakin ƙofa kamar za su shiga masallaci. Dattijon ya ce sunansa Nomau, daga Boyekai. Bai dubi hagu ko dama ba, ya zarce sashena ya ɗaga sandarsa ya nuna wani babban kwali a sama mai hoton jan inji.

Ya ce, “Ɗana, wanga nika so. Tun damana nika kallonai ta gilashi duk ran kasuwa.”

Muka gaisa, ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Tun yana saurayi da jigo yake ban ruwa a fadama, yanzu kafaɗa ta gaza. Bana ya faɗaɗa gona, iri ya isa dashe, in bai sami ruwa cikin kwanakin nan ba duk wahalar ta tashi a banza. Don haka ya sayar da sansa na huɗa. Babban ɗansa ya sa baki ya ce sun yi ta ba shi shawara ya saya cikin kasuwa, ya ƙi.

Dattijon ya ce, “Kasuwa ana shafa ma tsohon inji fenti. Kayan kanti ba su da algus. Kowa ya san haka nan.”

Na ji daɗin maganar, domin abin da muke taƙama da shi ke nan. Na jawo tsani. Madam Rifkatu, mai karɓar kuɗi, ta ce daga mazauninta, “Bello, da ka jira manaja.” Na ce mata ai sauko da shi kawai zan yi ya gani, takarda sai manaja ya dawo. Ta sunkuyar da kai.

Na san nauyin irin wannan inji, mun sayar da su a Wurno. Na ce wa 'ya'yan dattijon su tsaya ƙarƙashin tsani su tara hannu. Na kafa ƙafa, na ɗaure ciki, na rungumi kwalin na ɗaga da iyakar ƙarfina. Sai ya taso kamar busasshiyar ƙwarya. Ƙarfin da na sa ya kusa jefa ni baya, na kai hannu in dafa kwalin da ke gefe, shi ma ya zame. Ya ture na kusa da shi, wancan ya ture na gaba, layin gaba ɗaya ya zubo ƙasa. Kwalayen inji, na feshi, na fitilar gas, duk suka zubo kan mutane, amma babu wanda ya ji ciwo, kuma ko ƙarar kirki ba su yi ba.

Ina kan tsani na kasa sauka. Na miƙa hannu can sashen rediyo na ƙwanƙwasa kwali ɗaya, ya amsa kamar ganga. Na ƙwanƙwasa na keken ɗinki, haka. Na dubi Madam Rifkatu, ta rufe baki da gefen gyalenta. A nan na gane kowa a kantin ya sani sai ni. Abin da ke layin ƙasa, 'yan fartanya da gwangwanayen madara da yadi kaɗan, shi ke nan dukiyar Kantin Gilashi.

Baba Nomau ya durƙusa ya buɗe kwalin injin da hannunsa. Ya leƙa, ya zura hannu har gwiwa yana laluben kusurwoyi. Sannan ya ɗago ya dube ni.

“Mi na na wanga? Ina injin?”

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi wata 'yar dariya, ya haɗiye ta da sauri. Ƙaramin ɗan ya ce ƙasa-ƙasa, “Baba, sanmu ya tahi.” Dattijon ya zauna a kan simintin, kwalin a gabansa, yana ta kallon hoton jan injin.

Haka Mista Yohana ya shigo ya same mu. Na zaci zai yi mini faɗa, har na fara haɗa abin da zan ce. Ya tsaya ya dubi kwalayen da ke warwatse, ya dubi dattijon. Sai ya je ya durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin manaja ya yi wa mai saye ba.

Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ba mu da inji. Rabon da motar kaya ta zo mana tun kafin azumi. Daga sama aka ce mu riƙa jera kwalaye kada mutane su ga kanta tsirara. Ni na jera su.”

Baba Nomau ya ce, “Ashe tun damana takarda nika kallo.”

“Takarda ce, Baba. Amma tashi mu je, yau ba za ka koma gida hannu biyu ba.”

Manaja ya ce in biyo su. Muka keta cikin kasuwa, manajan Kantin Gilashi da laktayensa a gaba, amalanke a baya, mutane suna ta juyowa. Muka tsaya a wata rumfar kwano inda injuna ke jere a ƙasa, ga tiyo a nannaɗe, ga kayan gyara cikin kwanoni. Mai rumfar, Sani, ya miƙe da sauri yana cewa, “Ranka shi daɗe, yau kai da kanka?” A nan na ji cewa shi ne tsohon mai kula da siton kantinmu. Da aka rage ma'aikata ya kafa rumfa, yana zuwa Kano da kansa ya yi sari, ran kasuwar kowane ƙauye kuma ya ɗora kaya a mota ya kai musu har gida.

Mista Yohana ya naɗe hannun shat ya tsuguna cikin ƙura. Injin farko da Sani ya turo, ya kankare fentin da farce, ya shinshina bakin salansa, ya ture shi gefe. Sani ya yi murmushin jin kunya ya shiga ciki ya fito da wani a kwalinsa. Manaja ya kwance fulogi ya duba, ya sa aka kawo duro cike da ruwa, aka zura tiyo, ya ja igiya da hannunsa. Injin ya kama, ruwa ya yi tsiri ya jiƙa masa wando har gwiwa. Sannan mutumin nan da ya yi shekaru yana koya wa ma'aikata cewa tayi ba aikin ɗan kanti ba ne, ya zauna ya yi ta tayi da Sani kamar dillalin awaki, har sai da Sani ya rantse ya sallama, ya kuma yi alkawarin aika makaniki Boyekai in inji ya ba da matsala.

Ana ɗora injin a amalanke, Sani ya ɗauki kwalin ya kakkaɓe shi, ya dubi manaja ya ce, “Oga, wanga ma in aje maka shi da sauran? Mai kyau na, bai yage ba.”

Ashe kwalayen ma ba namu ba ne. A hannun 'yan kasuwa ake samo su. Su suna sayar da kaya, mu muna jera ɓawon.

Mista Yohana ya ce, “Bar shi, Sani. An gama.”

Baba Nomau ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, “Allah shi saka maka. Kantinku ya mutu, amma kai ba ka mutu ba.”

Da la'asar manaja ya sa muka sauke duk kwalayen, muka bar kantoci fayau, duk mai wucewa yana gani ta gilashi. Washegari ya tafi Sakkwato ya faɗa wa manyansa abin da ya yi. Da ya dawo ya ce mana can ma an rufe benen sama, an ba masu ɗinki hayar rabin ƙasa. Ba mu kai damana ba aka sa wa Kantin Gilashi kwaɗo. Mista Yohana ya koma Zuru, ban ƙara ganinsa ba. Ni kuwa na sami wannan aiki na kantin ƙungiyar manoma, inda kuka same ni.

Na daɗe ina tunanin abin. Mu mun ɗauka tafiyar 'yan kwangila ce ta kashe mu, amma ai manoma suna nan, kuma dam ɗin ma ƙara musu buƙata ya yi. Mu ne muka tsaya bayan gilashi muna jiran masu albashi, alhali wanda ya rage a garin mai sayar da sa ne don ya ceci albasarsa, yana son a yi tayi da shi, a gwada masa inji a gabansa, a san sunan ƙauyensu. Shi ya sa kuke ganin ba na yarda a ce wa mai saye “akwai” sai an ɗora hannu a kan abin. In babu, ku ce babu, ku nuna masa inda zai samu, ko da rumfar maƙwabci ce. Wanda kuka gaya wa gaskiya zai dawo wata rana. Wanda kuka bari ya sayar da sansa saboda hoto, ko ya yafe muku, ƙauyensu ba zai manta ba.