Littattafan da Muka Zuba a Shara

Jiya a ƙofar majami'armu ta Deptford aka miƙo mini takarda, wai za a farfaɗo da karatun Kirista irin na da: harshen Latin, mantiƙi (wato ilimin kafa hujja), da iya magana. Raina ya ɓaci. Sai yanzu muka san darajarsa?

Wani dattijo, tsohon malamin makarantar mishan daga gida, ya yi shekaru yana koyar da wannan karatun kowace Asabar a flat ɗinsa na Thamesmead. Ɗakin na warin kananzir da shayin citta. Duk amsar da aka ba shi, sai ya ƙwanƙwasa cokali a kofi ya ce, "Me ya sa?"

Wata rana 'yata, da nake kaiwa wurinsa, ta kawo aya da ka, ba tuntuɓe. Ya ƙwanƙwasa cokalin. Ta fashe da kuka. Na fizgi hannunta na ce, "Baba, wannan karatun zai ba ta aiki ne? Kwamfuta ake yi yanzu!"

Ya ce, "'Yata, aku ma yana hadda. Ni so nake ran da aka ce mata babu Allah, ta san abin da za ta ce."

Ban sake kai ta ba. Haka muka janye yaranmu ɗaya bayan ɗaya. Da ya rasu, mu ɗin nan muka cusa littattafansa a baƙar leda, motar shara ta council ta kwashe. Ni na ɗaure bakin ledar.

Bara 'yar tawa ta daina zuwa sujada. Da na yi mata faɗa ta ce, "Why should I, Mum?" "Me ya sa?" ɗin dattijon ne ya dawo mini da Turanci.

Ubangiji ya hutar da dattijon, mu kuma ya gafarta mana.